Neman Barcin Yaya Ilu a Ƙasar Gwaram

Abin da na fara gani da muka sauka a tashar Gwaram shi ne hannun ɗan kamasho. Agogo biyu ya ɗaura, ɗaya bisa ɗaya. Na saman ya tsaya cak, na ƙasan kuwa ko tsinke babu a cikinsa, gilashi ne kawai da maɗauri. Gwaggona ta tambaye shi ko la'asar ta yi, sai ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce saura kaɗan.

Na fara da shi ne don ku san irin mutanen da za ku tarar a wannan labari. Tun da aka dawo hutun damina, ke Binta da ke Hanne kuka hana ni sakat. "Rakiya, wai Gwaram kika je?" "Rakiya, me ya dishe miki murya, ke da ko a aji sai an matsa miki kike buɗe baki?" A ɗakin kwana ba zan iya ba ku amsa ba, idanu sun yi yawa. Ga shi na rubuta. Ku karanta ku dawo mini da takarduna, kada su bar ɗakinmu.

Kun san ina da wa, Yaya Ilu, wanda ya shiga soja. Da yaƙi ya ƙare ya ɗan ƙara zama a bariki, sannan aka sallame shi ya dawo Birnin Kudu. Ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa, ko tabo ba a gani a jikinsa. Barcinsa ne bai dawo da shi ba. Da ya kwanta, kafin a jima sai ya zabura. In bokiti ya faɗi a tsakar gida, sai a gan shi durƙushe a bayan rumbu. Kuma ba ya cire takalminsa sai zai yi alwala, yana idar da salla ya mayar ya ɗaure igiya tamau. Da shi yake kwana. Ban taɓa jin wani ya yi maganar takalmin nan ba. Ni ce mai share masa ɗaki, shi ya sa na sani.

Mutanen garinmu kuwa ba a fi su zumunci ba. Tun da hantsi zaurenmu yake cika da masu dubiya, a kira Yaya ya fito ya zauna a tsakiyarsu. Kowa sai ya ce masa "ya jiki", ya jira amsa, ya sake cewa. Wani ya kawo laya, wani saiwa, wani kuma ba abin da ya kawo sai tambaya: "Wai da gaske ne harsashi kuka yake yi kamar tsuntsu?" A haka za a wuni, a watse, kowa ya tafi gida da ladansa.

Wata ranar kasuwa tayar mota ta fashe. Yaya ya faɗa ƙarƙashin teburin wani mai tireda, wani mutum ya yi masa dariya, shi kuwa ya fito ya shaƙe shi, sai da ƙyar aka ɓamɓare. A ranar Baffa, yayan Baba, wanda ba a tsallake maganarsa a gidanmu, ya ce a kai Yaya gidan mari. Na san gidan. Na sha wucewa ta bayan katangarsa, ana jin ƙarar ƙarfe in mutanen ciki suna tafiya. Baba kuwa ban taɓa ganin ya musa wa Baffa ba. Gwaggo Dije, ƙanwarsu, ita ce ta ce ta ji labarin wani Malam Datti a Kwandiko, ƙasar Gwaram, mai wani fure da ke kwantar da hankali. Baffa ya ce, "To, ku je ku gwada furen naku. In ya dawo yadda ya tafi, kada wanda ya sake yi mini magana."

Ni aka haɗa su da ni saboda dalili biyu. Gwaggo tana son mai ɗaukar mata kwalla, Yaya kuma ba ya cin abinci sai wanda na ajiye masa. Ba don na fi kowa iya girki ba. Ina ajiyewa ne in tafi, ba na tambayarsa komai.

Motar katako muka shiga, mai benci a ciki. Direban, tun da gwamnati ta sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, ya yanke wa kansa hukuncin bin tsakiyar titi, wai don kada ya ɓata wa tsohuwar doka rai, kada kuma ya saɓa wa sabuwa. Kusa da ni wani mutum ne da sabuwar rediyo a cinya, bai ma cire mata ledar kanti ba, yana ta shafa ta kamar jaririya. Gaban Yaya kuma wata Bafulatana ce da ƙwaryar nono.

Ba mu gama fita daga Birnin Kudu ba, duk motar ta san abin da ke damun Yaya.

"Ɗan wana ne," in ji Gwaggo, da muryar da take kiran awaki. "Soja ne. Kan ne ya ɗan taɓu. Ilu, gaishe su mana."

Nan take motar ta zama asibiti. Wani tsoho ya ce a nemi gashin kura a yi masa hayaƙi. Mai rediyo ya ce wannan duk zancen da ne, yanzu allura ake yi, shi ya ji a rediyo. Wata mata daga can baya ta ɗaga murya ta ce, "Aure za a yi masa, Hajiya. Duk wani ciwon namiji, aure ne maganinsa." Tsohon ya ce, "Ke ma kya faɗa, shi ya sa mijinki ya rame." Aka kwashe da dariya. Yaya yana kallon dawar da ke wucewa a gefen hanya. Na ga babban yatsansa yana murza gefen benci, sai da katakon ya yi sheƙi a wurin.

Kafin a shiga ƙasar Gwaram akwai shinge, gora ce aka gitta a kan ganga biyu. Ban san abin da ake nema a wurin ba, ina jin mai tsaron ma bai sani ba. Ya taso daga inuwa yana hamma, ya zo ya maka wa jikin motar kulki, daidai bayan kan Yaya. Kafin in ƙifta ido Yaya yana ƙasa, gwiwarsa ta daki ƙwaryar Bafulatana, nono ya tashi ya sauka a kan sabuwar rediyo. Ranar ledar kanti ta yi amfani. Mai rediyo yana salati, Bafulatana tana zagi da harshe biyu, Gwaggo kuwa ta leƙa ta ce wa mai shingen, "Yi haƙuri, ɗana, tsohon soja ne, ba shi da lafiya."

Mutumin ya ƙame, ya sara wa Yaya, wanda har yanzu yake tsugune cikin nono. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Sannu, oga. Ya jiki?"

A Gwaram gidan Hajiya Uwani muka sauka, ƙawar Gwaggo ce tun suna 'yan mata. Ɗanta yana aikin gwamnati a Kano, kuma tana so a sani. A ɗakinta akwai firji mai aiki da kananzir, wanda ba a taɓa kunnawa ba. Da ta buɗe shi za ta ɗauko wa Gwaggo ɗankwali, na ga zannuwanta ne a jere a ciki, takalma a ƙasa. Ta ba mu lemon kwalba mai ɗumi da burodi da kifin gwangwani, ta tsaya a kanmu tana kallon yadda za mu ci. Ƙanshin tuwon dawa da miyar yakuwa yana shigowa daga tsakar gida, amma wannan na mutanen gida ne, baƙi ba a wulaƙanta su da abinci mai daɗi.

A lokacin na ce a raina, mu a Birnin Kudu gaisuwarmu tana da ƙarshe. A nan kuwa in mace ta durƙusa, sai ta gaishe ki da gida, da gajiya, da ruwa, da shanu ko ba ki da su, ta yi shiru har ki ɗauka an gama, sai ta ɗauko daga farko. Hajiya ta aika maƙwabta cewa ta yi baƙo marar lafiya. Suka zo. Yaya ya sha "ya jiki" har aka kira isha. Da safe na kai masa koko, na tarar da shi zaune a bakin gado, shimfiɗar ko lotsawa ba ta yi ba.

Daga nan amalanken shanu muka hau zuwa Kwandiko. Wannan ne kaɗai ɓangaren hanyar da na so, don mai amalanken da shanunsa kawai yake magana, su kuma ba sa amsawa. Gwaggo ta gwada ba shi labarin Yaya, ya ce "to", ya ci gaba da kora. Ta ce ba ta taɓa ganin mutum marar tausayi irinsa ba.

Lambun Malam Datti yana bayan gari, kusa da fadama. Tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya. Ya tarbe mu da hular Turawa mai kama da akushi a kansa, da biro uku a aljihu, ko da yake ban ga takarda ko ɗaya a lambun ba. Kafin ya ba mu ruwa sai da ya gaya mana cewa ya yi aiki da Bature, Baturen kuma ya ce bai taɓa ganin baƙar fata mai kai irin nasa ba. Ya faɗi wannan yana murmushi, shi a ganinsa yabo ne. A wurin Baturen ya samo irin furen. Ya faɗi sunansa na littafi, mai tsawo kamar igiyar guga, ya sa ni in maimaita tunda 'yar makaranta ce ni. Na sunkuyar da kai. Ya ce makarantun yanzu sun lalace. Mutanen ƙauyen dai furen agogo suke ce masa.

Shi kam furen ba ni da abin da zan zarge shi da shi. Yaɗo yake yi, ya hau rumfa ya lulluɓe ta, yana kama itace da wasu 'yan zare masu murɗewa. Furen fari ne, faɗinsa bai kai tafin hannuna ba. A cikinsa akwai zobe na siraran gashi masu ruwan shuni, a tsakiya kuma tsinke uku a tsaye, kamar fuskar agogo. Da safe yake buɗewa, kafin magariba ya rufe. Ya fi agogon ɗan kamasho sanin lokaci.

Malam Datti ya nuna mana yadda ake yi. Ganyen da furen ake shanyawa a inuwa, ba a rana ba. A ɗebi ɗan kaɗan da yatsu uku, a zuba ruwan zafi a kai, a rufe, ba a tafasa shi. Ya ce kada a haɗa shi da ƙwayar barci ta asibiti, kada a ba mai ciki. A cikin dukan surutunsa magana ɗaya ya yi wadda na riƙe. Ya ce, "Ba ya goge abin da ido ya gani. Igiyar kawai yake sassautawa."

Gwaggo ta karɓi kofin ta sansana, ta kurɓa, ta taɓe baki.

"Malam, ina maganin?"

"Shi ne a hannunki, Hajiya."

"Wannan? Ba ɗaci, ba kanwa, ba wari? Wannan ai ko akuya aka ba ba za ta san ta sha magani ba. A kan ruwan ciyawa muka ɓarar wa baiwar Allah da nono?"

"Hajiya, ilmi ba da harshe ake ɗanɗana shi ba."

"Ƙaro mini in ji, ko ɗacin yana ƙasa."

Ta shanye, ta miƙa kofi, ta sake shanyewa, ta sake miƙawa, don ta nuna masa ba komai ba ne. Yaya ɗaya aka ba shi. Aka yi azahar, Malam Datti ya shiga gari, wai ana jiransa a wata shawara da ba za ta yiwu ba sai da shi. Gwaggo ta kishingiɗa a tabarma tana lissafa magungunan da ta sani masu ɗacin gaske, maɗaci da sabara da sauransu. A tsakiyar sunan wata saiwa muryarta ta ɗauke. Ko furen ne, ko gajiyar amalanke, ko duka biyun, ban sani ba. Tun da nake ban taɓa ganin bakin Gwaggo a buɗe ba tare da magana tana fita ba sai ranar.

Lambun ya yi tsit. Ba a jin komai sai wani ƙudan zuma da ke shiga furanni yana fita. Ba wanda ya san muna nan, don mai shelar ta yi barci. Yaya yana zaune a ƙarƙashin rumfa, ya jingina da ginshiƙi, kofin a gefensa. Ni ina can gefe ina tsinke ganye a faifai, ban dube shi sosai ba, ta wutsiyar ido nake gani. Ya daɗe yana kallon ƙudan zuman. Can sai ya sunkuya ya kama igiyar takalminsa. Ya tsaya, ya saurara. Ya kwance ta dama, ya kwance ta hagu. Ya zare su ya ajiye a jere. Ƙafafunsa sun yi fari, sun yi laushi kamar na wanda ya daɗe a ruwa. Ya miƙe su a kan ƙasa mai sanyi, ya motsa yatsun. Sannan ya zame ya kwanta.

La'asar ta yi, ban tashe shi ba. Na ce ya rama, Allah ya fi Baffa sanin halin da yake ciki. Wata kaza ta nufo rumfar, na kore ta da hannu, ban yarda na ce "kur" ba. Sai da furannin suka fara rufewa ya buɗe ido. Ya dube ni ya ce, "Auta, akwai abinci?" Rabon da ya kira ni Auta tun kafin ya tafi.

Da a nan labarin ya ƙare, da na ba ku shi da baki.

Washegari Gwaggo ta tashi garau, da ƙarfin mutum biyu. Ta ce furen bai yi mata komai ba, idonta kawai ta hutar. Ta yafa mayafi ta shiga gari gaishe-gaishe, wai bai kamata baƙo ya kwana a gari bai gai da mutane ba. Kafin rana ta take, mutanen Kwandiko sun san cewa akwai sojan da ya shekara bai runtsa ba, ya sha furen agogo ya yi barci kamar gawa. Suka zo dubiya, suka zo kallo, su kansu ba su bambance ba. Mutanen kirki ne, har da masu kawo ƙwai da fura.

Malam Datti, wanda ya kamata ya tare su a ƙofar lambu, sai ya gyara hularsa. Shekara da shekaru mutanen nan suna ce masa mai shuka abin da ba a ci, yau ga ranarsa ta zo. Ya tsayar da Yaya a gaban rumfa kamar ragon da za a sayar.

"Ku dube shi da kyau. Jiya hannun nan rawa yake yi. Samari, miƙa hannunka su gani."

"Allah sarki. Ya jiki, soja?"

"Da sauƙi."

"Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi."

"Wai a can ɗin da gaske ne ana kwana a rami?"

Wani dattijo ya dafa masa kai yana tofi. Wata tsohuwa ta fashe da kuka, wai ya yi kama da ɗan ƙanwarta da bai dawo ba. Na duba ƙasa, na ga Yaya ya riga ya mayar da takalminsa. Ana cikin haka wani saurayi ya iso a kan sabon babur. Ba dubiya ta kawo shi ba, ya ji an taru ne, ga shi kuma da abin nunawa. Ya murɗa hannun babur ɗin don a juyo, abin ya yi wata ƙara kamar bindiga. Yaya ya yi tsalle, ya ture Malam Datti da butar da ake haɗa maganin, hular Turawa ta gangara cikin kwalbatin ruwa. Ya keta tsakiyar mutane ya faɗa gonar dawa.

"Kun gani ko," in ji Gwaggo. "Na faɗa. Maganin da ba ɗaci."

Malam Datti yana kakkaɓe riga ya ce maganin ne ya yi kaɗan, gobe a ninka.

Na bi sawun takalmin cikin kunyoyin dawar. Na same shi zaune a gindin wata tsamiya, ya rungume gwiwoyinsa. Na zauna nesa kaɗan, na yi abin da na fi iyawa, wato shiru. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Auta, jiya na manta da wurin yaƙin. Wallahi na manta. Amma duk wanda ya ce mini ya jiki, sai na koma can na dubo masa."

Na ɗan matso kusa da shi. Ya ce, "Baffa ya yi gaskiya. Gara a ɗaure ni kafin in kashe wani mai zumunci."

Washegari muka kamo hanya. Malam Datti ya ba mu ƙunshin busasshen ganye da dashe guda a gwangwanin madara, ya ce in Yaya ya warke a riƙa faɗin wanda ya warkar da shi. Motar da muka samu a Gwaram wata ce dabam, amma likitocin cikinta irin na farko ne. Na riƙe gwangwanin a cinyata har gida, ina kare shi daga gwiwoyin mutane, ina ta juya abu ɗaya a raina. Furen ya yi nasa aikin. Abin da ya rage ba a shuka shi a lambu.

Da muka shawo kwanar gidanmu, takalma na fara gani. Sun cika ƙofar zaure har sun gangaro kan hanya: fade, da sandal, da na roba, da wani sau-ciki mai sheƙi. Labarin dawowarmu ya riga mu isowa. A nan na janye abin da na faɗa a Gwaram, gaisuwarmu ma ba ta da ƙarshe. Baffa yana zaune a kan buzu a bakin ƙofa, Baba a gefensa. Kusa da ƙafar Baffa akwai wani ɗan buhu. Da ya gyara zama ƙafarsa ta taɓa shi, na ji ƙarar da nake ji a bayan katangar gidan mari. Yaya ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Daga cikin zaure wani ya hango shi, ya fara ɗaga murya, "A'a, ga sojan nan! Sannu, ya..."

Kun san ni. Ko sunana aka kira a taron safe da ƙyar nake amsawa. Ban taɓa yin magana a gaban Baffa ba in ba gaisuwa ba. Ban san lokacin da na ajiye kwallar Gwaggo ba. Na je na durƙusa a gaban Baba da gwangwanin a hannuna, zaure cike da maza suna kallona.

Sauran kun ji shi a muryata. Duk abin da ya rage na hutun a zaure na yi shi, a kan 'yar tabarma, tun daga hantsi har la'asar. Na amsa "ya mai jiki" har maƙogwarona ya bushe. Na karɓi layu da saiwoyi na cika kwando. An ce ba ni da kunya, an ce boko ta buɗe mini ido, wata ma ta ce gidanmu an daina zumunci. Da suka ga ba sojan da za a kalla, sai ni da bakina mai cewa "yana barci, zan gaya masa", ƙafa ta fara ɗaukewa. Ba zan ce muku Yaya ya warke ba. Har yanzu yana zabura, kuma buhun nan yana rataye a ɗakin Baffa, bai mayar wa masu shi ba. Amma Yaya yana shan kofinsa bayan azahar da kuma in zai kwanta, dashen ya kama zanar bayan ɗakinsa, takalminsa kuma a bakin ƙofa yake kwana. Ranar da zan dawo makaranta na fito da akwatina, na tarar da Baba zaune a kan 'yar tabarmata, yana ce wa wani maƙwabci, "Yana barci, zan gaya masa."

Abin da na faɗa a ranar da na durƙusa a gaban Baba ba shi da yawa, kuma sai da ya sunkuyo kafin ya ji. Na ce:

"Baba, don Allah a bar Yaya ya shiga ta ƙofar baya. Duk mai son yi masa ya jiki, a turo mini shi, ni zan amsa."